Furfurar aro: yadda ake tsufar da sababbin hotuna a waya

Duk lokacin da ranar bikin samun 'yancin kai ta ƙarato, ba a rasa ganin wani sauyi a shafukan sada zumunta na wasu ma'aikatu da manyan jami'ai a Abuja. Hotunan da aka saba gani da launi garau sai su koma baƙi da fari, ko ruwan ƙasa irin na tsohuwar takarda. A ga Sakatariyar Tarayya ko Ƙofar Birni ko Babban Masallacin Ƙasa dishi-dishi, da 'yan tabo a gefe, kamar an zaro hoton daga ƙasan adakar kaka. Sau da yawa kuwa hadimin da ke kula da shafin mai gidansa ne ya ɗauka da wayarsa jiya da yamma, ya kuma tsufar da shi cikin ƙiftawar ido.

Abin da zai ba mai lura murmushi shi ne, Abuja ƙanwar kyamarar dijital ce. A watan Disambar 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ya haɗa irinta ta farko, wadda ke cin daƙiƙa 23 kafin ta naɗi hoto guda a kan kaset. Sai a watan Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar samar da sabon babban birni, kuma ba a taso daga Legas ba sai ranar 12 ga Disambar 1991. Ke nan babu ginin gwamnati ko ɗaya a tsakiyar birnin da ya riski zamanin da ake wanke hoto da launin ruwan ƙasa. Idan akwai mai haƙƙin wannan launi, to tsohuwar Abuja ce, wadda ta bar wa sabon birnin sunanta ta koma Suleja, da ƙauyukan Gbagyi da suka riga kowa zama a wurin.

Kafin a yanke wa wannan yayi hukunci, ya kamata a san abin da manhajar waya ke kwaikwaya. Kusan duk wata alamar tsufa da ake gani a tsohon hoto tana da sababi na zahiri, kuma yawancinsu masu ɗaukar hoto na da ba so suke yi ba.

Launin ruwan ƙasan nan da Turawa ke kira sefiya ya samo sunansa ne daga wata halittar teku mai fitar da tawada. Mutane da yawa sun ɗauka daɗewa ce ke mayar da hoto haka, alhali sau da yawa da gangan aka yi, kuma don gudun tsufan aka yi. Hoton baƙi da fari ƙwayoyin azurfa ne a kan takarda, iska da danshi kuma suna cin azurfa. Masu wankin hoto sai suka riƙa tsoma shi a ruwan sinadari mai farar wuta, wanda ke sauya azurfar zuwa wani nau'i mai juriya, launin ya koma ruwan ƙasa. Shi ya sa irin waɗannan hotuna suka fi tsira, har ido ya saba haɗa launin da zamanin da. Kafin nan, tun daga 1850, akwai takardar hoto da ake shafe ta da farin ƙwai, wadda ita kam da kanta take komawa ruwan ɗorawa idan ta kwana biyu.

Hotuna masu launi na shekarun 1970 da 1980, irin waɗanda ke cikin kundin auren iyaye, labarinsu daban ne. Rini uku ake shimfiɗawa a takardar, kuma ba tare suke koɗewa ba. Mai kama da shuɗi-kore ya fi saurin gudu a yawancin takardun wancan lokaci, sai ja da ruwan hoda su mamaye fuskar ango da amarya. Ɗigo-ɗigon nan mai kama da yashi kuwa ƙwayoyin sinadarin fim ne da kansu. Duhun kusurwoyi gazawar gilashin kyamara ce mai araha. Jan hasken da ke ratsa gefen hoto alama ce murfin kyamara bai rufu da kyau ba, haske ya ƙona fim ɗin. Mai situdiyon da ya miƙa wa amarya irin wannan a 1982, da ya sha faɗa.

Yadda aka mayar da aibi ado bai daɗe ba. A 2009 Kodak ya daina yin fim ɗin Kodachrome, wanda ya fara fitarwa tun 1935, kuma da shi Steve McCurry ya ɗauki hoton yarinyar nan 'yar Afghanistan da ya fito a bangon mujallar National Geographic a 1985. A ƙarshen wannan shekara ta 2009 manhajar Hipstamatic ta fito, tana mayar da hoton iPhone kamar na tsohuwar kyamarar roba. A watan Oktoban 2010 Kevin Systrom da Mike Krieger suka saki Instagram, da hotuna masu kusurwa huɗu daidai irin na Polaroid, da rinuna masu sunaye kamar Earlybird da 1977. Akwai dalili na kasuwanci a ciki: kyamarar waya a lokacin ba ta da kyau, rinin tsufa kuma yana rufa mata asiri. A watan Janairun 2012 Kodak ya nemi kariyar kotu saboda karayar arziki. Bayan wata uku Facebook ya sayi Instagram, mai ma'aikata 13, a kan dala biliyan 1.

Yau aikin ba wuya. A Lightroom ko Snapseed ko VSCO, ana rage ƙarfin launi, a ɗaga baƙin hoton ya koma toka-toka kamar takardar da ta sha rana, a zuba ɗan ruwan ɗorawa a wuraren haske da ɗan shuɗi ko kore a inuwa, a yayyafa yashi, a rage kaifi. Ƙwararre yakan zaɓi zamani ɗaya ya tsaya a kansa. Sabon shiga shi ke haɗa sefiya ta zamanin Lugga da jan lambobin kwanan wata na kyamarorin shekarun 1990 a hoto guda, kamar wanda ya naɗa rawani ya ɗora hular kwano.

Akwai kuma wata matsala da ta shafi mai baƙar fata kai tsaye. Shekaru da dama masu wankin hoto suna daidaita launi ne da katin gwaji na Kodak mai ɗauke da hoton wata Baturiya, wanda ake kira katin Shirley, kuma sai a tsakiyar shekarun 1990 kamfanin ya fitar da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Rinin da ke kwaikwayon fim ɗin wancan zamani yakan gaji wannan nakasu. Da zarar an ɗaga baƙin hoto, fuskar Bahaushe ko Bayerabe sai ta yi furu-furu, kamar wanda hunturu ya buga bai shafa mai ba. Hadimin da ya damu da mutuncin mai gidansa ya kamata ya duba fuska kafin ya duba bango.

Har zuwa nan, magana ce ta ado, kuma ado ba laifi ba ne. Hoton suna ko na kamu da aka rina ruwan ƙasa aka rataye a falo bai cutar da kowa ba. Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin da hoton ya bar hannun wanda ya san asalinsa.

'Yan jarida sun daɗe suna gardama a kan wannan. A 2010 Damon Winter na jaridar New York Times ya ɗauki sojojin Amurka a Afghanistan da Hipstamatic, hotunan suka samu lambar yabo a wata gasa a shekarar da ta biyo, ka-ce-na-ce ya ɓarke: shin abin da ido ya gani ne wannan, ko abin da manhaja ta ga dama? Manyan kamfanonin dillancin labarai sun yarda a datse gefen hoto, a daidaita haske, ko a mayar da shi baƙi da fari, amma ba su yarda a ƙara ko a cire wani abu ba. Tabon ƙarya da kwanan watan ƙarya ƙari ne. Darasin da ya fi dacewa da hadimai kuwa ya zo ne daga Ingila. Ranar 10 ga Maris 2024 Fadar Kensington ta fitar da hoton Gimbiyar Wales da 'ya'yanta uku. Kafin a kwana AP da Reuters da AFP da Getty sun janye shi saboda alamun an taɓa shi, washegari Gimbiyar ta nemi afuwa. Ɗan gyara ne a hannun riga da makamantansa, amma ya sa aka koma ana bin tsofaffin hotunan fadar da idon tuhuma.

Sannan ga ƙirƙirarriyar basira. A watan Agustan 2025 Google ya saki na'urar gyaran hoto da aka fi sani da Nano Banana a cikin Gemini, nan da nan mutane, musamman a Indiya, suka shiga mayar da kansu taurarin tsofaffin fina-finai. Bambancin da ke tsakaninta da Instagram babba ne. Rini launi kawai yake sauyawa, amma wannan tana iya sauya tufafi da mota da gini, ta tsayar da mutum kusa da wanda ya rasu tun kafin a haife shi. Google na dasa wata ɓoyayyar alama mai suna SynthID a irin waɗannan hotuna, sai dai wanda aka turo wa a zauren WhatsApp na 'yan ofis ba zai tsaya bincike ba. Launin tsufa shi ke hana shi tambaya, domin ido ya saba gaskata abin da ya yi kama da na da, kuma dishi-dishin yana ɓoye kurakuran da za su tona asirin hoton.

Wannan ya fi zama haɗari a ƙasar da hotunanta na gaskiya ba su da yawa, waɗanda ke akwai kuma suna warwatse. Jonathan Adagogo Green, ɗan Bonny, shi ya ɗauki Oba Ovonramwen na Benin a cikin jirgin ruwa a 1897, ana kan hanyar kai shi gudun hijira Kalaba. Solomon Osagie Alonge ya buɗe situdiyonsa a birnin Benin a 1942, ya yi shekaru yana ɗaukar fadar Oba, yana ma shafa wa wasu hotunan launi da hannu. J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya fara a matsayin mataimaki a ɗakin wankin hoto na Ma'aikatar Yaɗa Labarai a Ibadan a 1954, ya tara hotunan kitso kusan 1,000 tun daga 1968. A Mali akwai Seydou Keïta da Malick Sidibé, wanda ya karɓi babbar lambar bikin baje kolin zane na Venice a 2007. Duk wanda ya ga aikinsu ya san ba dishi-dishi ba ne. Ana iya ƙirga zaren shadda a wasu hotunan Keïta. Tunanin cewa hoton da dole ya zama gurɓatacce ya fito ne daga kwafin kwafi da rashin adana.

Abin da ya tsira na hukuma yana Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa, wadda Kenneth Dike ya assasa a 1954, da manyan rassanta a Ibadan da Enugu da Kaduna, sai kuma wurare irin Gidan Arewa da aka kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna. Amma yawancin matasa ba can suke haɗuwa da tarihi ba. A Facebook da X suke ganinsa, inda hoto baƙi da fari da 'yar rubutacciyar shekara a ƙasa ya isa hujja. Kowane sabon hoto da aka tsufar aka saki babu bayani yana shiga wannan kogi ne, kuma bayan shekara goma babu mai iya tsamo shi.

Ma'aikacin gwamnati yana da wani nauyi na daban a nan. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta lissafa hoto cikin abubuwan da ake ɗauka bayanan hukuma. Hoton rantsar da minista, ko na sa hannu a yarjejeniya, ko na duba aikin hanya, shaida ce ta cewa abu kaza ya faru a rana kaza. Amma a ofisoshi da dama asalin hoton yana wayar hadimi ne kawai. Idan gwamnati ta sauya ya tafi da wayarsa, ko ta faɗa ruwa, abin da zai rage shi ne wanda aka rina aka wallafa. Manhajar Huji Cam, alal misali, tana iya buga shekarar 98 a kusurwar hoton da aka ɗauka yau. Wasa ne ga ɗalibin jami'a, amma ba wasa ba ne a fayil ɗin ma'aikata.

Maganin ba ya cin kuɗi. A ajiye asalin hoton a rumbun ofis kafin a taɓa shi, a yi gyara a kan kwafi, a rubuta wuri da rana ta gaskiya a ƙarƙashin wanda aka wallafa, idan kuma ƙirƙirarriyar basira ta sa hannu a faɗa. Manyan kamfanoni sun fara nasu yunƙurin: tun 2021 Adobe da Microsoft da BBC da wasu suka haɗu a kan wani tsari da ke liƙa wa hoto tarihin gyaran da aka yi masa, kuma a 2023 Leica ya fitar da kyamarar farko mai ɗauke da shi, M11-P. Kafin wannan ya iso wayar kowa, da sauran tafiya.

Masu aikin adana tarihi idan aka miƙa musu tsohon hoto, sukan juya bayansa tun kafin su ƙare kallon fuskar. A nan ake samun hatimin situdiyo da sunan gari, wani lokaci da rubutun biro na wanda ya aika wa ɗan'uwansa a Kumasi ko Fort-Lamy, da rana da wata da shekara. Hoton waya ma yana da irin wannan baya, wato bayanan da kyamara ke rubutawa a cikin fayil: ranar ɗauka da sa'a, da samfurin waya, har da wurin idan an kunna. WhatsApp yana goge su idan aka tura a matsayin hoto, yana kuma barin su idan aka tura a matsayin takarda.