Yadda Aka Rage Kuɗin Gwajin Korona a Filin Jirgin Saman Kotoka

Lokacin da Ghana ta sake buɗe filin jirgin saman Kotoka da ke Accra a ranar 1 ga Satumba, 2020, gwamnati ta wajabta wa fasinjojin da suka sauka biyan dala 150 domin gwajin antijen, wato gwajin gaggawa da ke gano furotin ɗin ƙwayar cutar korona a majinar hanci cikin kusan rabin awa. Wannan kuɗi ya yi nauyi ƙwarai, domin an riga an buƙaci matafiyi ya zo da shaidar gwajin PCR, mai binciken ƙwayoyin halittar cutar, wanda ya yi cikin awa 72 kafin ya taso.

Nauyin ya fi danne ƙananan 'yan kasuwa da masu ziyarar dangi, cikinsu har da Hausawan zango masu zirga-zirga tsakanin Kumasi da Kano, tun da iyakokin ƙasa suna rufe, jirgin sama ne kaɗai halastacciyar hanyar shiga. A watan Janairun 2021 shugabannin ƙungiyar ECOWAS suka amince kada kuɗin gwaji ya wuce dala 50 ga 'yan yankin, shugaban Ghana na lokacin, Nana Akufo-Addo, kuma ya sanar cewa ragin zai fara aiki daga 8 ga Fabrairu, amma sauran baƙi suka ci gaba da biyan dala 150. Rangwamen ya dace, sai dai ya makara, ganin cewa an shafe wata biyar ana karɓar tsohon farashin. Sai a ƙarshen Maris na 2022 aka ɗage gwajin ga waɗanda suka kammala rigakafi, aka kuma buɗe iyakokin ƙasa.