Ciwon sida: zullumi ba ya magani, awon jini ke raba gardama

Kowace shekara in damina ta gabato, ƴan ci-rani suna komowa gida daga Abijan, Legas, Kwatano, Libiya da wuraren haƙar zinari na arewacin Agadas. Suna zuwa da kuɗin iri da tufafin iyali. Amma akwai waɗanda ke komowa da wani kaya da ba su iya saukewa gaban kowa: sun sadu da mace can ba tare da kapot ba, yanzu tsoron ciwon sida ya hana su barci. Wannan tsoro bai tsaya ga matafiya ba. Yana cikin zuciyar matar da ta tarbi mijinta, da bazawarar da za ta sake aure, da saurayin da bai taɓa barin gari ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayani dalla-dalla.

Mi ke kawo sida?

Wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda ido ba ya gani. An fara lura da ciwon a Amurka cikin 1981, masana na Faransa suka gano ƙwayar cikin 1983. A Nijar an samu mutum na farko mai ciwon cikin 1987. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna manya 4 cikin 1000 suna ɗauke da ita.

Ƙwayar tana cin dakarun jini masu tsaron jiki, kamar yadda gara ke cin rumbu daga ciki alhali waje yana nan lafiya lau. Hanyoyinta uku ne: saduwa ba tare da kapot ba, jini, ta allura ko reza ko askar da aka yi wa wani aiki da ita ba a tafasa ba, sai daga uwa zuwa ɗa, a ciki ko wurin haifuwa ko ta nono. Sauro ba ya ɗaukar ta. Gaisawa, cin tuwo akushi ɗaya da shan fura da ludayi ɗaya ba su sa a kamu.

Ba kowace saduwa ce ke sa a kamu ba, amma sau ɗaya yana iya isa. Haɗarin yana ƙaruwa in mutum yana da ciwon sanyi, ko tunjere, ko wani gyambo a gabansa, domin ƙofa ce a buɗe.

Kwana 3 na farko

Wanda abin ya faru gare shi jiya ko shekaranjiya, kada ya zauna yana tunani. Akwai maganin da ke hana ƙwayar zama cikin jiki, amma sai an fara shan shi kafin awa 72, wato kwana 3. Ana shan shi kwana 28 ba fashi. Gwargwadon saurin zuwa, gwargwadon amfaninsa. Macen da aka yi wa fyaɗe, a kai ta gidan likita ranar nan, kada kunya ta sa a jinkirta.

Alamomi ba hujja ba ne

Mako 2 zuwa 4 bayan kamuwa, wasu suna yin masassara, ciwon maƙogwaro, kaluluwa, ƙuraje da kasala. Bayan ƴan kwanaki sai su wuce. Wasu kuwa ba su jin komi. To, wane ne cikinmu bai taɓa yin masassara da damina ba? Cizon sauro da mura suna kawo irin waɗannan alamomi. Shi kansa zullumi yana hana cin abinci, ya sa rama da faɗuwar gaba, sai mutum ya ce ai ga ciwon nan ya fito.

Haka kuma ƙiba da ƙarfin noma ba shaidar lafiya ba ne. Mutum yana iya ɗauke da ƙwayar shekara 8 ko 10 bai kwanta ba, yana ba matansa ita bai sani ba. Rama mai tsanani, zawo da ba ya tsayawa da tarin fuka sai daga baya suke zuwa. Saboda haka ba a gane mai ita da ido. Boka bai iya ganin ta, maƙwabci bai iya ganin ta.

Yaushe za a yi awo?

Ana awon a gidajen likita na gwamnati. Ɗigon jini kaɗan ake ɗauka a yatsa, kafin rabin awa an samu sakamako. Likita ba ya da izinin faɗa wa mutanen gari abin da ya gani. Dokar ƙasa ta hana.

Sai dai a riƙe wannan da kyau: iri ba ya tsira ranar da aka shuka shi. Alamar da awo ke nema tana ɗaukar makonni kafin ta bayyana cikin jini, wani lokaci har wata 3. In an yi awo da wuri ba a ga komi ba, a koma bayan wata 3 daga ranar saduwar. In aka sake samun babu, kuma ba a sake wata saduwa mai haɗari ba, magana ta ƙare, sai a kwantar da hankali. Kafin nan, a yi amfani da kapot ko da a ɗakin aure ne. Mun san maganar tana da nauyi tsakanin miji da mata. Amma nauyin baki na dare ɗaya bai kai nauyin ciwon da za a ba uwar ƴaƴa ba.

In an samu ƙwayar fa?

A shekarun 1990 jin wannan labari kamar jin sanarwar mutuwa ne. Yau ba haka ba ne. Har yanzu ba a samu maganin da ke fitar da ƙwayar ba, amma akwai wanda ke danne ta, galibi ƙwaya ɗaya kowace rana, har iyakar rayuwa. Mai shan shi ba fashi yana noma, ya yi aure, ya haifu, ya tsufa. In awo ya nuna ƙwayar ta kwanta har ba a ganin ta cikin jini, ba ya ba abokin zamansa ita ta hanyar saduwa. Mace mai ciki da ke zuwa awon ciki tana shan maganinta, kusan kullum ɗanta yana tsira. In babu magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 suna kamuwa.

In a gidan mata 2 ko 3 ne, a auna kowa, har da yara ƙanana. Kada a tsaya neman wanda ya kawo ta, kada a kori kowa.

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Wanda ke cikin zullumi, ya kama hanyar gidan likita tun kafin aikin gona ya riƙe shi. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.