Wasan Judo Da Yaron Da Ya Razana

Ina roƙon Edita ya ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana masu koyon aikin malanta a kan wani abu da lalle za mu tarar a aji. Tun shekarar 2009 tashin hankali ya kori mutane da yawa daga garuruwansu a arewa maso gabashin ƙasarmu, 'ya'yansu kuwa sun watsu cikin makarantu ko'ina. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a wuraren da aka yi yaƙi, mutum 1 cikin 5 yana fama da wata damuwa ta tunani, kamar baƙin ciki marar yankewa ko razana.

Mene ne razana? Sa'ad da mutum ya gamu da haɗari, jikinsa ya kan shirya tun kafin ya yi tunani. Zuciya ta riƙa bugawa da sauri, numfashi ya gajarta, gaɓoɓi su ɗaure, domin ya yi faɗa, ko ya gudu, ko ya sandare. In haɗarin ya wuce jiki ya kan kwanta. Amma ga waɗansu jiki ya kan ƙi yarda an gama. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Irin wannan yaro ne za ka ga ya zabura don an buga ƙofa, ko ya kai wa ɗan'uwansa duka don ya dafa shi ta baya. Mu kuwa sai mu ce ba shi da tarbiyya. A 1980 likitocin Amurka suka rubuta wannan hali cikin jerin cututtuka.

Tun da shi ke abin yana zaune a jiki, waɗansu masu lura da irin waɗannan mutane su kan haɗa musu da wasannin kare kai. Wanda zan yi misali da shi shi ne judo, watau kokawar mutanen Japan. Wanda ya kafa shi a birnin Tokiyo cikin 1882 sunansa Jigoro Kano. Sunan ya yi kama da na birnin Kano, amma ba su haɗa kome ba. Malami ne, har ya shugabanci babbar makarantar horon malamai ta Tokiyo fiye da shekara 20. Yana yaro ba shi da girman jiki, yara su kan ci zalinsa, shi ya sa ya nemi koyon kokawa.

Abu uku na gani a judo da su ke taimakon wanda ya razana. Na ɗaya, kafin a koya wa almajiri kā da mutum, sai an koya masa faɗuwa: ya sunkuyar da haɓa, ya bugi tabarma da hannu, ya mirgina, ya tashi. Jikin da ya saba ɗaukar faɗuwa a kan halaka sai ya koyi cewa ana faɗuwa a tashi lafiya. Na biyu, in an riƙe ka har ka ji ba ka iyawa, sai ka taɓa abokin wasanka ko tabarma sau biyu, tilas ya sake ka nan take. Ku tuna, ran da abin tsoro ya sami yaron nan ba shi da ikon tsai da shi. A nan kuwa ikon yana hannunsa. Na uku, kowace karawa tana da farko da ƙarshe, ana rusunawa a fara, a rusuna a gama. Zuciya ta buga, numfashi ya hau, sa'an nan kome ya kwanta, ba wanda ya ji ciwo. Yau da gobe jiki ya kan tuna hanyar kwanciya.

Ga misalin Popole Misenga na ƙasar Kwango. Yana shekara 9 yaƙi ya raba shi da danginsa, ya yi kwana 8 a kurmi kafin a tsince shi, aka kai shi gidan yaran da yaƙi ya kora a Kinshasa. Can ya koyi judo. Yolande Mabika, mutuniyar Bukavu, ita ma a irin wannan gida ta koya. A 2013 suka je gasar duniya a birnin Riyo na Birazil, suka nemi mafaka a can. A 2016 suna cikin 'yan gudun hijira 10 da suka yi wasa a gasar Olimfik, har Misenga ya ci karawarsa ta fari.

Amma labarin yana da wani gefe, shi ne kuwa ya fi shafarmu. Su biyun sun ba da labari da bakinsu cewa masu horonsu na dā su kan kulle su, su rage musu abinci, in an cinye su. Ashe wasan da ya ɗaga su, shi ne kuma aka mai da shi bulala. Amfanin wasan yana hannun mai koyarwa.

Saboda haka ga shawarata. Ba sai mun sami kayan judo ba, gama muna da kokawa, muna da yashi. Mu fara da koyar da faɗuwa. Mu sa doka cewa wanda ya taɓa sau biyu a sake shi, kada kuwa a yi masa dariya. Kada mu kama yaro ba mu gaya masa ba tukuna, kada mu tilasta wa wanda ya ce a'a. Ya zauna ya yi kallo, wata rana zai shigo da kansa. Dambe kam, tun da naushi ne ainihinsa, ban ga ya dace da mafari irin wannan ba.

Mu sani kuma wasa ba ya maye gurbin likita. Yaron da ba ya barci, ko ya daina magana, ko ya ke neman cutar da kansa, wajibi ne mu gaya wa shugaban makaranta da iyayensa, a kai shi asibiti. Namu shi ne mu ba shi fili inda zai faɗi ya tashi ba tsoro. Iyakar abin da zan ce ke nan.