Sule, dala da jaka: daga ina sunayen kuɗinmu suka zo?

A Toranke, kamar sauran garuruwan Ajingi da Gaya, har yanzu akwai dattawan da in sun ce jaka biyar, naira dubu suke nufi. Matasa kan ce ai duk sunayen kuɗin nan Turanci ne da tsofaffi suka kasa faɗa daidai. Maganar da ƙamshin gaskiya, amma an cuɗa ta da kuskure.

Gaskiya ne fam daga pound ya fito, sisi daga sixpence, kwabo kuma daga copper, wato jan ƙarfen da ake buga shi da shi. Sule ma shilling ne, babu abin da ya haɗa shi da sunan Sulaimanu. Sai dai wannan ba gazawa ba ce. Hausa ba ta son baƙaƙe su cunkushe, ba ta kuma cika rufe kalma da baƙi ba, shi ya sa ake cewa banki da canji. Bature ma aro ya yi: kalmar banki daga Italiya ta zo masa, inda take nufin bencin da 'yan canji ke baza kuɗi a kai.

Babban kuskuren yana kan dala. Ba daga Amurka Bahaushe ya samo ta ba, ba kuma daga Dutsen Dala ba. Tun kafin Turawa su ci Kano a 1903, fatake ke kawo kuɗin azurfa mai hoton sarauniyar Ostiriya, Maria Theresa, wanda ake bugawa da shekarar 1780 a jikinsa. Sunansa thaler, daga kwarin Joachimsthal na ƙasar Bohemiya, inda aka haƙi azurfa a ƙarni na 16. Daga wannan sunan dalar Amurka ma ta samo nata. A Najeriya dala ta koma sule biyu, a Maraɗi kuwa sefa biyar ake kira dala har gobe.

Jaka kuwa kalmar Hausa ce, jakar da ake ɗure sulallan fam ɗari a ciki. Da naira ta fito ranar 1 ga Janairun 1973, an canza fam guda a kan naira biyu, sule ya zama kwabo goma, jaka ta zama naira 200. Lissafin dattawan Toranke daidai yake.