Alherin da Ba a Saye, Amma Yake Neman Rai Duka

A koyarwar Kirista, zunubi ya wuce jerin laifuffukan da mutum zai ƙirga da yatsu. Karkacewa ce ta zuciya, inda ɗan Adam ya juya wa Allah baya ya mai da kansa abin bauta. Sata da ƙarya da zalunci 'ya'yanta ne. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a shekarar 430, ya yi doguwar muhawara da wani malami mai suna Pelagiyus a kan haka, inda Agustin ke cewa mutum ba ya iya miƙe kansa da ƙarfin kansa.

To, mene ne amfanin doka? Manzo Bulus bai raina Dokoki Goma da aka ba Musa ba. A babi na 7 na wasiƙarsa zuwa ga Romawa ya tabbatar da tsarkin Shari'a da kyawunta, ya kuma ce ta wurinta ya gane ƙyashin da ke cikinsa. Aikinta aikin madubi ne: yana nuna maka dattin fuskarka, amma ba ya wanke ta. Wankin na alheri ne, wato gafarar da Allah ke bayarwa kyauta saboda mutuwar Yesu Almasihu a kan gicciye da tashinsa, wadda ake karɓa ta wurin bangaskiya. Wannan koyarwa ce Martin Luta ya rayu a kanta, shi da ya ƙalubalanci cinikin takardun sassauta horon zunubi a 1517.

Nan ne tarkon yake, kuma a ganina ya fi kama masu zuwa coci kowace Lahadi. Idan gafara kyauta ce, me zai hana mutum ya ci gaba da halinsa? Bulus ya hango tambayar a babi na 6 ya yi watsi da ita. Amma wanda ya fi tona ta a ƙarni na 20 shi ne Dietrich Bonhoeffer, faston Jamus. Bayan hawan Hitila mulki a 1933, ya ga ikkilisiyoyi da dama suna wa'azin gafara, suna kuma amincewa a kori fastoci masu asalin Yahudawa. A littafinsa Nachfolge na 1937, wanda ya yi dogon sharhi a kan Huɗubar Yesu ta Kan Dutse, ya kira irin wannan alheri mai araha, domin gafara ce da ba ta neman tuba, balle ɗaukar gicciye. Alherin gaskiya, a wurinsa, yana da tsada ta fuska biyu: Allah ya ba da Ɗansa, shi kuma almajiri zai ba da rayuwarsa gaba ɗaya. Biyayya ba kuɗin sayen ceto ba ce, amma wanda aka ceta ba ya zama ba tare da ita ba.

Ba a takarda maganar ta tsaya ba. 'Yan sandan Gestapo sun rufe makarantar fastocinsa ta Finkenwalde a 1937. A 1939 abokai suka sama masa mafaka a New York, amma bayan 'yan makonni ya koma gida, don bai ga dalilin tsira shi kaɗai ba alhali jama'arsa na cikin wuta. An kama shi a Afrilun 1943, aka rataye shi a sansanin Flossenbürg ranar 9 ga Afrilu, 1945, saboda alaƙarsa da masu shirin kawar da Hitila. Shekarunsa 39.