Ƙwayoyin Tushe Da Ciwon Zuciya: Hukuncin Shari'a Da Abin Da Gwaji Ya Nuna

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wata Talata da aka tashi daga kasuwar Mafara, wani ɗan kasuwa mutumin ƙasar Bakura ya same ni da tambaya. Iyalinsa ta haihu wata uku da suka wuce, ƙafafunta sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya, ba ta iya barci sai a jingine. Likita ya ce zuciyarta ce ta raunana. Sai wani ya kawo masa garin magani a 'yan ledoji, ya ce sunansa "sitem sel", wai yana gina sabuwar zuciya. Kuɗin kuwa ba zai samu ba sai ya jinginar da gonarsa ta noman rani a Bakolori. Ya ce, "Allah Ya gafarta malam, halal ne?"

Hukunci a kan abu ba ya yiwuwa sai an san abin. To, jikin ɗan Adam da ƙananan ƙwayoyi aka gina shi, waɗanda ido ba ya gani. Na fata da na jini kullum sabuntawa suke yi, shi ya sa rauni yake warkewa. Na zuciya ba haka suke ba. Masana a ƙasar Suwidin sun nuna a 1 bisa 100 kawai suke sabuntawa a shekara ga saurayi, a bincikensu na 2009, ga tsoho kuma bai kai haka ba. Inda tsokar zuciya ta mutu, tabo ne yake maye wurin, tabo kuwa ba ya harba jini. Su ƙwayoyin tushe, watau abin da Turawa suke kira sitem sel, kamar yaro suke wanda bai kama sana'a ba tukuna. Ana iya mai da shi maƙeri, ana iya mai da shi masaƙi.

A 1998 James Thomson na Amurka ya ciro irin waɗannan ƙwayoyi daga ɗan tayin 'yan kwanaki, nan ne gardamar malaman addinai ta tashi. A 2007 kuma Shinya Yamanaka na Japan ya mai da ƙwayar fatar baligi ta koma ta tushe, ba tare da an taɓa ɗan tayi ba, aka ba shi kyautar Nobel a 2012. Yanzu a ɗakin gwaji ana renon su cikin ɗan faranti har su zama tsokar zuciya, a gan su suna motsi da kansu. Tsarki ya tabbata ga Mahalicci!

Amma faranti daban, ƙirjin mutum daban. A 2014 aka dasa su a zukatan birai a Amurka, tsoka ta tsiro, sai dai bugun zuciyar ya rikice. A 2020 likitocin Jami'ar Osaka suka fara liƙa su a zuciyar majiyyaci, na Jamus ma suka ba da labarin nasu gwajin a 2025, duk a kan mutane ƙalilan, da tiyata, da magungunan hana jiki ƙin baƙon abu. Kada kuma mu mance da Piero Anversa, wanda ya shekara da shekaru yana cewa zuciya tana da nata ƙwayoyin tushe masu gyara ta. A 2018 Jami'ar Habad ta nemi a janye takardu 31 na ɗakin gwajinsa, don an sami ƙage a cikinsu. In haka ta faru a can, ina ga leda a bakin tasha?

Ta fuskar Shari'a, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami ta zauna a Makka cikin Shawwal 1424, daidai da Disamba 2003. Ta halatta amfani da ƙwayoyin tushe don magani da bincike idan daga halal aka samo su: daga baligi da izininsa in ba zai cutu ba, daga yaro da izinin waliyyinsa, daga mabiyiya da cibiya da yardar iyaye, daga cikin da ya ɓare da kansa, da kuma rarar ƙwan da ma'aurata suka bari bayan dashen ciki. Ta haramta a zubar da ciki da gangan don a samu, ko a haɗa maniyyin wani da ƙwan wata don wannan buƙata. Ni dai a kan rarar ƙwan nan zuciyata ba ta natsu ƙwarai ba, don mu Malikawa muna da tsanani a kan asalin halittar mutum. Shehu Dardiri ya hana fitar da abin da ya zauna a mahaifa ko da bai kai kwana 40 ba. Na san ƙwan da ke faranti bai shiga mahaifa ba, amma tun da hanyar Yamanaka ta samu, barin abin shakka ya fi.

Garin leda kuwa hukuncinsa a babin ciniki yake. Ƙwaya mai rai ba ta zama gari ta jure zafin Maradun cikin bazara, in ma an haɗiye ta ciki zai narkar da ita kamar tuwo. Yawancin irin waɗannan daga tsirrai ake yin su. Sayar da abu da sifar da ba shi da ita algus ne, karɓar kuɗi a kan warakar da ba a tabbatar ba kuwa garari ne, dukansu an hana. Ma'aikatan da ke tallansa ga abokan aiki a ofis don su sami kamasho su ma hukuncin ya hau kansu.

Ciwon matar nan ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun wajen 1978 Davidson da Parry suka yi rubutu a kansa a Zariya, suka zargi kunun kanwa da wankan jego da gadon wuta. A asibitin koyarwa na Sakkwato an ƙidaya mace 1 cikin haihuwa 102, kamar yadda aka buga a 2007. Binciken Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano ya ƙara jawo hankali ga talauci da ƙarancin sinadarin seleniyam a jini. Akwai magungunan rage ruwa da na ƙarfafa zuciya, mata da yawa kuma suna samun sauƙi in an fara da wuri.

Sai na ce wa mutumin ya bar gonarsa, ya kai ta Gusau ko Sakkwato a ɗauki hoton zuciyarta, a dakatar da kanwa, a rage gishiri, kada kuma ta sake ɗaukar ciki sai likita ya yarda, Shari'a ta ba su wannan rangwame. Wallahu a'alamu.