Busa Gado Ce Ko Koyo?

Tambaya: Wani mai sauraronmu ya rubuto yana cewa, shin masu busar kiɗan jaz na Amurka gadonta suke yi, ko kuwa a makaranta ake koya musu?

Amsa: To malam, duka biyun ne. Ɗauki misalin Troy Andrews, wanda aka haifa a birnin New Orleans a 1986. Gidansu gidan kiɗa ne. Kakansa marigayi Jessie Hill mawaƙi ne, wansa James kuma mai busa. Yana ɗan shekara 4 ya fara busa turombon, wato wani ƙaho na tagulla da ake tura bututunsa gaba a jawo baya don sauya murya. Ƙahon ya fi shi tsawo, shi ya sa aka laƙaba masa Trombone Shorty, ma'ana gajere mai turombon.

Amma fa bai dogara da gado kaɗai ba. Bayan ya goge wajen bin makaɗan titi na unguwarsu, sai ya shiga makarantar fasaha ta NOCCA ya karanci ƙa'idojin kiɗa. A 2005 mawaƙi Lenny Kravitz ya ɗauke shi suka zagaya duniya, a 2010 kuma ya fitar da faifansa Backatown. Daga baya ya kafa gidauniyar koya wa yara busa.

Ka ga ke nan, gado tushe ne, amma sai an haɗa da naci da karatu. Da fatan ka gamsu.